Dutsen Ellersike

Ranar Laraba da safe Jabez Crosby, mai kula da cocin Highgarth, ya zo da tsintsiyarsa zai share zauren coci, ya tarar dutsen ba ya nan. Sai gurbinsa kawai, fes a ƙasa, inda ƙura ba ta taɓa ba. Bawan Allah ya yar da tsintsiya ya cafki igiyar ƙararrawa, ya dinga ja kamar gobara ta tashi.

Bari in gaya muku ko wane dutse ne, kada ku ce mutanenmu sun zauce. A can ƙasan kwarinmu akwai wani tsohon ƙauye, Ellersike, gidaje biyar da 'yar ƙaramar coci. A shekarar nan kamfanin ruwa ya gama gina madatsa a bakin kwarin, don a kai wa birni ruwan sha. Aka tashi mutane, aka rushe gidaje, aka sare itatuwa, aka tone kaburbura aka hau da ƙasusuwan kakanni zuwa makabartar Highgarth. Ranar Asabar mai zuwa za a rufe ƙofofin madatsar, ruwa ya fara hawa. Abin da ya rage mana na Ellersike duka-duka shi ne dutsen nan da aka ciro daga goshin gidan da ya fi kowanne tsufa. Bai fi dutsen niƙa girma ba. An sassaƙa sunan ƙauyen a jikinsa, da shekara, 1641.

Kafin ƙararrawa ta yi shiru gari ya cika zauren. Jiya Talata kowa ya tafi kasuwar tumaki ta kaka, an bar gari wayam, don haka babu wanda ya ga komai, kuma kowa ya san wanda ya yi.

"Mutumin Ailan ɗin nan ne!" in ji Jabez. "Da kunnena na ji shi ranar Litinin yana shafa dutsen, wai zai yi kyau a murhu. Sun rushe mana gidaje, sun tone mana iyaye, yanzu sunan ma sai sun ƙona!"

Malachy Breen yake nufi, baƙo daga ƙasar Ailan, ɗaya daga cikin leburorin madatsa. Maza shida suka sauka suka taho da shi, suka kulle shi a ɗakin da Rabaran ke ajiye rigunansa. Aka aika wa ɗan sanda, ya ce sai Juma'a motar haya za ta kawo shi.

Sai bayan an gama wannan hayaniyar Lanty Rigg ya iso, a hankali, da sandarsa da lofensa da ba ya taɓa kunnawa. Tsohon makiyayi ne, shekara saba'in da biyu. In tunkiya ta ɓace a kan duwatsu, ko yanyawa ta ɗauke ɗan rago, shi ake kira. Mutum ne da ya fi yarda da ƙasa a kan baki.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Takalmi arba'in a kan sawu ɗaya. Da kun kira shanu ma sun taya ku."

Waje babu abin karantawa, don garkunan da aka dawo da su daga kasuwa sun tattake hanya. Amma da ya durƙusa a cikin zauren, gwiwarsa tana ƙara, ya ga dogon karce a daɓen dutse, daga bango zuwa ƙofa. Taku shida ne kawai, amma sau uku karcen ya tsaya ya yi ɗan rami. A lungun ƙofa ya tsinci wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi guda biyu, kamar kashin awaki. 'Ya'yan bishiyar alda ne, wadda ba ta rayuwa sai ƙafarta na cikin ruwa, wadda da itacenta ake sassaƙa mana takalmin katako. A tudun Highgarth kuwa babu ko ɗaya. Ya jefa su aljihu.

"Ba ni mabuɗi, Jabez, in ga mutumin."

"Sai Rabaran ya dawo da azahar. Kai dai, Lanty, je ka nemi tumaki. Wannan ɓarawon a hannu yake."

*

A masaukin gari akwai baƙo, malamin makaranta daga birnin Leeds, siriri mai tabarau, sunansa Edwin Ellersike. Sau biyu ya roƙi Rabaran a ba shi dutsen ya tafi da shi, sau biyu aka hana shi. Lanty ya same shi a bakin wuta yana fyace hanci, takalmansa na birni suna bushewa a gefe, caɓa-caɓa da baƙin taɓo. A cikin taɓon akwai ƙwayar alda.

"Mista Ellersike, ka sauka kwari jiya ke nan."

"Na sauka da safe. Na je in ga inda muka fito kafin ruwa ya cinye shi. Abin da na samo mura ce." Ya cire tabarau ya goge. "Na san abin da kake tunani. Na so dutsen nan, ban musa ba. Amma dube ni, Baba. Jakata ma sai da aka ɗaukar mini."

Lanty ya dubi hannuwan, farare kamar na mai jego, sannan ya ce, "Ni abin da ban gane ba, an tone kabari sittin da ɗaya a can, na taya ɗauka. Tyson, Rigg, Crosby. Ban ga Ellersike ko ɗaya ba. Ta ina kuka zama 'yan can?"

Sai fuskar malamin ta saki, irin ta mutumin da aka sosa wa inda yake ƙaiƙayi. "Ai ba za ka gani ba! Mutanen da suka zo ta teku shekara dubu da suka wuce, su suka ba wurin suna, ma'anarsa rafin bishiyoyin alda. To a cikin ƙauyen, wa zai kira maƙwabcinsa ɗan Ellersike, alhali kowa ɗan Ellersike ne? Sai wanda ya tashi. Wani kakana ya ɗauki ƙullinsa ya tafi neman aiki, shekara ɗari shida ke nan ko fi. A garin da ya sauka akwai masu suna irin nasa birjik, sai aka ce wancan na Ellersike. 'Ya'yansa suka gada, aka manta da ƙauyen, sunan ya zauna. Wanda ya zauna a gida ba ya samun sunan nan, Baba. Sai wanda ya bar gida."

"Allah sarki," in ji Lanty. "Mu muna da wurin babu sunan, ku kuna da sunan babu wurin."

"Daga Asabar dukanmu ɗaya ne," in ji malamin, ya koma ga tsumman hancinsa.

*

Da azahar Rabaran Ainsley ya sa aka buɗe. Malachy Breen yana zaune a kan akwati, ƙato ne da ya cika ɗakin, kansa a sunkuye.

"Wasa nake yi, Baba," ya ce. "Murhun wa? A ɗakin kwano nake kwana, murhuna tsohon garwa ne." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. "Matata Nuala kwananta goma da haihuwa. Ranar da ɗan sanda ya sa mini ankwa, ranar kamfani zai fitar da ita daga ɗakin, ita da jaririn, ga sanyi ya shigo. Ba mu da kowa a ƙasar nan. Ko miya ba ta iya ɗumamawa tukuna."

Lanty ya sunkuya ya zaro ƙwayar alda daga naɗin ƙafar wandon mutumin.

"Wannan fa?"

"Ai mu muka sare su. Wata biyu ina cikinsu, ko a gashin kaina ka duba za ka samu. Mun kwantar da duka, sai guda ɗaya a bayan katangar tsohuwar cocin, ta gefen arewa."

"Me ya sa kuka bar ta?"

"Wata tsohuwa ce. Kullum muka zo da gatari tana zaune a gindinta da baƙin mayafi, tana saƙa. Ba ta yi mana faɗa ba, ba ta kuma tashi ba. Na ce, Inna, matsa kada reshe ya same ki. Ta ce, yaro, sare mu tare. Hannuna ya mutu. Shugabanmu ya ce a bar ta, ruwa zai yi aikinsa."

"Ka san sunanta?"

"Baba, tsofaffin garin nan duk baƙin mayafi gare su, duk kuma saƙa suke yi."

Gaskiyarsa. Lanty ya ƙirga su a ransa, su bakwai ne.

*

Ranar Alhamis da hantsi ya kama tsohuwar hanyar kwari. Sai da ya wuce ƙofar shinge ta biyu, inda tumaki ba su bi ba, sannan ƙasa ta fara yi masa magana. Layi biyu a jere sun nutse cikin laka: amalanke marar taya, irin wanda doki ke ja, da muke sauko da ciyawa da shi daga inda keke ba ya hawa. A tsakiya kofaton doki. A gefen hagu sawun takalmin katako, ƙarami, taku gajere, da ɗigon sanda kusa da kowane taku na biyu. Sau da yawa sawun ya tsaya, ƙafa biyu a haɗe. Mai shi yana hutawa.

Lanty ya yi shekara sittin yana bin sawu, bai taɓa jin ƙafarsa ta yi masa nauyi irin na ranar ba.

Ellersike ta zama tarin duwatsu da kututture. Ramukan kaburbura a buɗe, ruwan sama ya kwanta a ciki. A bayan katangar arewa, a bakin rafi, bishiya ɗaya tilo tana tsaye, ganyenta na zuba. A gindinta ga dutsen nan an kwantar da shi daidai, sunan yana kallon sama, an wanke shi tas.

Ya durƙusa. A ƙarƙashin gefen dutsen wani farin abu ya leƙo. Ya ja a hankali. Safa ce ta ulu, sabuwa, tsawonta bai kai ɗan yatsansa ba. A wuyanta an saƙa layi biyu na ƙananan ƙulle-ƙulle da tsinin dutse a tsakani.

A kwarinmu kowace mace da adon saƙarta, ba ta aron na wata. Lanty ya ɗage ƙafar wandonsa ya dubi safar da ke ƙafarsa, wadda ake aiko masa da irinta kowace Kirsimeti tun da matarsa ta rasu. Layi biyu na ƙulle-ƙulle, da tsinin dutse a tsakani.

Ya daɗe a zaune a wurin, rafi yana ta wucewa abinsa.

*

Dinah Tyson, a sanin kowa, ita ce ta ƙarshe da aka haifa a Ellersike, ita ce kuma ta ƙarshe da ta bar shi. Kamfani ya ba ta ɗan gida a can bayan gari, nesa da kowa. Duk garin Goggo Dinah ake ce mata, matar marigayi Wilf, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Tare suka yi wasan ƙasa da Lanty. Amalanken yana jingine da bango, taɓo bai gama bushewa a jikinsa ba, tsohuwar goɗiyarta tana cin ciyawa.

"Shigo, tsohon banza, ka goge ƙafa," ta ce daga ciki. "Tun daga shinge na ji tarinka. Shayi ya yi."

Ya zauna. Ya ajiye 'yar safar a kan tebur, kusa da kofinta.

Ta dube ta, ta daɗe. "Ka raba ta da 'yar'uwarta," ta ce a hankali. "Ƙafa ɗaya za ta ji sanyi."

"Dinah, jaririn na wa ne?"

"Nawa ne, Lanty. Shekara arba'in da shida ke nan. A lokacin babbar ƙanƙarar nan, kana can kan tudu da tumaki. Wata bakwai ya zo. Ya yi numfashi daga hantsi zuwa azahar, hanya a toshe, babu mai zuwa ya yi masa baftisma. Rabaran na wancan lokaci ya ce wanda ba a yi wa baftisma ba ba ya shiga makabarta, ba ya shiga littafi, ba a kafa masa dutse. Wilf ya sa shi a akwatin sabulu ya binne shi a bayan katanga. Ya ce kada mu ƙara maganar, ba mu ƙara ba. Ko suna ba mu raɗa masa ba." Ta juya kofin a hannunta. "Da masu tono suka zo, da littafi suka zo. Wanda ke ciki aka ɗauka. Na tsaya ina kallo suka hau da uwata, da ubana, da Wilf. Shi suka bari. Na buɗe baki sau uku, Lanty, maganar ta ƙi fitowa. Sai na ce, to, tunda ruwa zai rufe shi shi kaɗai, ko sunan garinsu a ɗora masa. Kada ya kwanta kamar ɗan kyanwa."

Lanty ya ciro lofe daga baki, ya rasa inda zai sa shi.

"An kulle mutum a kan dutsen nan," ya ce. "Leburan da ya bar miki bishiya. Gobe ɗan sanda zai tafi da shi. Matarsa da jariri, kwana goma sha ɗaya yau."

Ta miƙe zumbur tana laluben sanda. "Me ya sa ba ka faɗi wannan tun a bakin ƙofa ba, sakarai? Miƙo mini mayafina."

*

Da la'asar Lanty ya sa aka tara mutane a coci. Aka fito da Malachy, Jabez yana tsaye a bayansa da mabuɗi. Malam Edwin yana gefe da tsummansa. Dinah ta zauna a bencin ƙarshe.

"Malachy," in ji Lanty, "ɗaga mini kwamin baftisman can."

Ƙaton ya rungumi kwamin dutsen da ya ninka wanda aka sace, ya ɗaga, ya ajiye, ko nishi bai yi ba.

"Kun gani. Wanda ya ɗauki dutsenmu ja ya yi a ƙasa, kuma sau uku ya huta a taku shida. Ba shi ba ne. Mista Ellersike kuwa ba shi da doki, kuma takalminsa na fata ne. Sawun da na bi na katako ne."

"To na wa ne?" in ji Jabez. "Faɗi sunan ɓarawon mana!"

Lanty ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa ɓoye inda sawu ya ƙare ba, ranar nan sai ya tsaya yana kallon hularsa.

"Bar shi, Jabez, kada ka shaƙe shi," wata murya ta ce daga baya. "Ni ce ɓarauniyar."

Ta tako har gaba, takalmin katako da sanda suna amsa kuwwa a cocin. A tsaye ta faɗi komai, yadda ta faɗa wa Lanty, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Da ta gama ta juya wajen Malachy. "Yaro, ka bar mini bishiyata, ni kuwa na sa ka kwana a kulle. Ka yafe mini."

"Haba, Inna," ya ce.

Babu wanda ya motsa. Matan da suka shekara arba'in suna ce mata marar haihuwa a bayan idonta suka sunkuyar da kai. Jabez ya ajiye mabuɗin a kan benci kamar ya ƙona shi.

Sai Rabaran Ainsley ya ce, "Ruwa sai Asabar. Wa ke da shebur?"

"Ni," in ji Malachy.

*

Ranar Juma'a ɗan sanda ya sauko daga mota ya tarar da gari babu kowa sai kaji. Duk an sauka kwari.

Malachy ya fara da shebur, ya ƙare da yatsunsa. Akwatin sabulu ya daɗe da zama ƙasa, saiwar alda ta naɗe wurin kamar hannu. Abin da aka samu bai cika tafin hannunsa biyu ba. Dinah ta shimfiɗa baƙin mayafinta, aka zuba, ta ɗora safa biyu, ta naɗe, ta rungume. Aka ce ta hau amalanke, ta ƙi. Jabez da kansa ya ɗora dutsen ya ja goɗiyar.

A kan tudu na ƙarshe, inda ake hango kwarin duka, ta tsaya ta juya da ƙullin a ƙirjinta.

"Duba da kyau, ɗana," ta ce. "Garinku ke nan."

An haƙa masa wuri a gefen Wilf. Rabaran ya buɗe littafi, ya tsoma alƙalami, sannan ya tsaya. "Goggo Dinah, wane suna zan rubuta?"

Sai malamin Leeds ya matso, ya cire hula.

"Goggo, in kin yarda. Mu ba mu da wata hujja ta riƙe sunan nan sai cewa wani namu ya taɓa barin wurin. Yaron nan ya fi kowa daɗewa a can, kuma shi ne na ƙarshe da ya fito. Ya fi ni cancanta."

Dinah ta dubi dutsen, ta dubi ɗan ramin.

"Rubuta Ellersike," ta ce. "Yau ya bar gida."

Aka kafa dutsen a kan kabarin. Ranar Asabar aka rufe madatsa. Kafin bazara ruwa ya shanye katanga, sai kan bishiyar nan yana leƙe, daga baya shi ma ya tafi.

Lanty kuwa ya samu sabon sawun karantawa. Kowace safiya in ya fito zai gan shi a laka ko a ƙanƙara, takalmin katako da ɗigon sanda, daga bayan gari zuwa makabarta, ya tsaya a gaban dutsen, ya koma. Hunturu uku yana ganinsa. A na huɗu, wata safiya, ya fito ya tarar ƙanƙara ta kwanta fara sol tun daga ƙofar makabarta har ƙofar gidanta, babu ko taku ɗaya. Ya tsaya a tsakiyar hanya ya cire hularsa.